Bi ta gonakin Amish lokacin hutu: ga amsoshinku gaba ɗaya

Da zarar hutun Thanksgiving na Amurka ya matso a ƙarshen Nuwamba, wayata ba ta hutawa. Jama'a sun san duk shekara ina ɗaukar iyali daga Bronx a New York zuwa Columbus a jihar Ohio wajen yayata, kuma nakan ratse ta Lancaster a jihar Pennsylvania, inda gonakin Amish suke. Tambayoyin ba sa canzawa, ni kuma bakina ya gaji. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Su wane ne Amish ɗin nan?

Kiristoci ne, yawancinsu manoma da masu sana'ar hannu. Asalinsu Suwizalan da ƙasashen da ke kusa da ita. Sun ware daga sauran 'yan ɗarikarsu a 1693 ƙarƙashin wani malaminsu, Jakob Ammann, suka fara zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18. Wani karin Jamusanci suke yi a gida. Ba sa tuƙa mota, keken doki suke hawa, kuma ba sa jan wutar layi zuwa gidajensu.

Na ga gemu, na ga mata da kai a rufe. Ba Musulmi ba ne?

A'a. Gemun alama ce ta cewa mutumin ya yi aure.

Zan iya ɗaukarsu hoto?

Kada ka yi. Addininsu ya ƙi a ɗauki fuskar mutum, suna ganinsa a matsayin girman kai. Ɗan'uwa, da wani zai tsayar da mota a ƙofar gidanka ya saita waya kan matarka tana shanya, za ka yarda? Ɗauki gona, ɗauki rumbu, ɗauki shanu daga bakin titi. Kuma kada yaranka su tsallaka shinge, gonar mutane ce.

Keken doki na gabana, titi siriri ne, yaya zan wuce shi?

To, wannan ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma kullum ita ce ta ƙarshe. Amsar ta danganta da wurin, kuma ba zan ce maka "wuce kawai" ba.

Keken dokin nan gudunsa bai wuce mil 5 zuwa 8 a awa ba. Idan kana mil 55 ka hango shi daga nisan ƙafa 500, kamar sakan 7 kawai gare ka kafin ka cim masa. Saboda haka abu na farko shi ne rage gudu tun daga hango alamar nan mai kusurwa uku, ruwan lemo, da ke manne a bayansa. Wasu ƙungiyoyinsu masu tsanani ma ba sa sa alamar, sai 'yar fitila, musamman idan ka shiga Ohio. Ga shi a ƙarshen Nuwamba a Lancaster kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi.

Idan titin a miƙe yake, kana ganin gaba sosai, layin tsakiya ya ba ka dama, babu mai tahowa, to ka wuce a hankali, ka ba shi fili mai yawa, kada ka dawo hannunka sai ka yi masa nisa. Idan kan tudu ne ko kwana, ka haƙura, ko da na bayanka sun ƙosa. Ƙasar Lancaster hawa da gangara ce, ba ka san abin da ke bayan tudun ba. Wani lokaci direban zai matsa gefe ya ba ka hanya, amma matsawarsa ba ta nufin gaba babu kowa, kai ne za ka duba da idonka. Wani lokacin kuma yana rage gudu ne don zai karya hagu ya shiga gona, kai kana zaton hanya ya ba ka. Nan ne ake yin mummunan karo.

Kada ka danna oda. Doki dabba ce, yana firgita, kuma galibi akwai yara a cikin keken. Idan kun tsaya a mahaɗa, bar tazara, domin keken kan ɗan ja da baya kafin ya tashi. Sannan Nuwamba lokacin bukukuwan aurensu ne a Lancaster, Talata da Alhamis suka fi yi, don haka kekuna sun fi yawa a titi. Minti 3 da za ka yi a bayan doki ba za su hana ka ganin 'yan'uwanka ba.

Shagunansu na buɗe ranar Lahadi?

A rufe suke. Ranar ibadarsu ce.

Abincinsu ya halatta?

Tambayi abin da ke ciki, kada ka ji kunya. Suna cin naman alade sosai, kuma sukan sa kitsensa a kayan gashi. Kalmar da za ka nema a jikin takarda ita ce lard. Ni zuma nake saye, da tuffa, da ƙwai, da kabewa. Nama kuwa daga gida Hajiya ke soya mana. Tafi da tsabar kuɗi, domin rumfunan bakin hanya da yawa akwati kawai ake ajiyewa, ka ɗauka ka saka kuɗin. Ka saka cif, amana ce.

Matata na sa hijabi, mu baƙaƙe ne. Ba matsala?

Kwantar da hankalinka. Duk zuwan da muka yi ba wanda ya taɓa gaya mana maganar banza. Ba su da yawan surutu da baƙo, wannan halinsu ne da kowa. Yi gaisuwa, saya, yi godiya. Idan lokacin salla ya yi, nemi gidan mai ko wurin hutawar matafiya, kada ka shimfiɗa darduma a mashigar gonar mutum.

Ta ina ake bi?

Daga New York ka hau titi mai lamba 78, wajen Allentown ka sauka kan 222 ta Reading har Lancaster. Idan kana son ganin gonakin da kyau, bi 340 ta Bird-in-Hand. Daga nan 283 zuwa Harrisburg, ka koma babbar hanyar yamma. Tafiyar Columbus dama ta kai awa 9, ratsen zai ƙara maka, don haka ka tashi da asuba.