Gurɓatar ruwan hasumiyar sanyi a asibitoci

Hasumiyar sanyi na'ura ce da ake girkawa a kan rufin manyan gine-gine ko a bayansu. Aikinta fitar da zafin da injinan sanyaya gini suka tara: ana feso ruwan ɗumi daga sama, fanka na hura masa iska, wani ya tashi tururi, saura ya huce ya koma. Ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki na jikin bango ba sa aiki da irin wannan ruwa.

Ƙwayar cutar da aka fi tsoro a nan ita ce Legionella. An gano ta a 1977, bayan ciwon huhu ya ɓarke a taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, tana mutuwa idan zafi ya haura 60. Maɓoyarta yauƙin nan mai santsi da ke manne wa bututu da gindin tanki, inda tsatsa da laka ke kare ta daga magani. Ana kamuwa ne ta hanyar shaƙar feshin ruwan, kuma alamu kan bayyana cikin kwana 2 zuwa 10: zazzaɓi, tari da sarƙewar numfashi.

A asibiti abin ya fi muni, domin tsofaffi, masu ciwon ƙoda da masu raunin garkuwar jiki su ne a kwance. A 1985 hasumiyar wani asibiti a Stafford ta Ingila ta jawo mutuwar fiye da mutum 20.

Yanayin Kaduna yana taimakon ƙwayar. Zafin Maris da Afrilu yana ɗumama ruwa, ƙurar hunturu tana cika tanki da laka, ɗaukewar wuta kuma tana barin ruwa a kwance.

Ana kashe ƙwayar da sinadarin kulorin ko buromin, sau da yawa ana haɗawa da wani maganin daban. Sai dai zuba magani a kan dauɗa asarar kuɗi ne. Dole a riƙa zubar da wani kaso na ruwan, a kankare yauƙin, a sa matarin feshi, a kuma kai samfurin ruwa ɗakin gwaji. Hasumiyar da ta daɗe a kashe, sai an wanke ta kafin a kunna.