Waiwaye: Daga Igiyar Awon Dantse Zuwa Na'urar Jikin Jariri

Tun da aka fara yaɗa labarin ƙananan na'urorin da ake maƙala wa jariri a hannu da ƙafa don gano matsalar girman ƙwaƙwalwa, mutanen Maraɗi suka rabu biyu. Wasu na murna, wasu na cewa wace uwa ce za ta yarda a ɗaura wa ɗanta abin da ba ta san inda yake kai labari ba. Amma zancen ya daɗe yana tafe.

A 1943 likita Leo Kanner ya bayyana galahanga, ɗaya daga cikin matsalolin girman ƙwaƙwalwa, a Amurka bayan nazarin yara 11. A 1997 masanin ƙwaƙwalwar jarirai Heinz Prechtl da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗan mutsu-mutsun da jariri ke yi wajen wata uku, idan babu shi, alama ce mai ƙarfi ta lahani a ƙwaƙwalwa. Da ido suke dubawa. A 2020 masu bincike a Helsinki suka fito da rigar jariri mai na'urori a gaɓoɓi huɗu, tana bin diddigin motsin jariri.

Abin da ba a cika tunawa ba a nan gida ya faru. Bayan yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin tamowa na Maraɗi suka cika maƙil, kowa ya san igiyar awon dantse mai kore, ruwan ɗorawa da ja. Da farko ma'aikatan lafiya kaɗai ke riƙe ta. A farkon shekarun 2010, a Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN suka miƙa ta ga iyaye mata, aka kuma ga awonsu bai gaza na ma'aikatan ƙauye ba. Uwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta iya gane cewa ja, wato ƙasa da milimita 115, haɗari ne. Ban ga abin da ya sauya tunaninmu kan auna yaro kamar wannan ba.

Me ya sa igiyar ta karɓu? Domin ja yana da inda yake kai mutum: asibiti, da abincin gyaɗa na magani, yaro ya murmure a idon uwarsa. Sai dai jiki muka koyi aunawa, ba ƙwaƙwalwa ba. Yaron da ya tsira daga tamowa amma ya shekara biyu bai zauna ba, ko ya kai uku bai ce "Inna" ba, sai a ce jinkiri ne, ko a raɗa cewa ɗan ruwa ne. Wannan raɗar tana min ciwo ƙwarai.

Na'ura za ta iya nuna ja tun yaro na goye. Uwar da ta taso daga Dakoro ko Madarunfa da wannan sakamako tana buƙatar mai gashin ƙashi da mai koyar da magana, kuma irin waɗannan ƙwararru kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane suke.