Dokar da ke sa a kwashe maka tumatir da zuma a hanyar Nullarbor

Wanda ya yi hayar mota mai ɗaki, wato mai gado da murhu da firji, don ratsa dajin Ostareliya, zai so ya cika ta da cefane, tunda garuruwan nesa suke da juna. Sai dai kowace jiha tana da dokarta ta hana shigo da cututtukan gona, kuma ana tsare wasu iyakokin tamkar na ƙasa da ƙasa. A jihar Yammacin Ostareliya dokar 2007 ce ke aiki, a jihar Kudancin Ostareliya kuma an kafa dokar lafiyar tsirrai a 2009.

Babban abin da ake gudu shi ne ƙudan 'ya'yan itatuwa. Macen kan huda bawon lemu ko tumatir ta saka ƙwai a ciki, tsutsa ta yi ta ci daga ciki alhali waje lafiya lau. Iri biyu ne: na Queensland a gabas, da na yankin Bahar Rum da ya samu wurin zama a yamma. Kudancin Ostareliya na tsakaninsu, shi ya sa take tsaro ta fuska biyu.

Inda matafiya suka fi yin asara shi ne kan babbar hanyar Eyre, wadda ta ratsa filin Nullarbor tsakanin Kudancin Ostareliya da Yammacin Ostareliya. Mai tafiya yamma zai tarar da shingen bincike a Border Village, kan iyakar jihohin biyu dab da garin Eucla, kuma ba a rufe shi dare da rana. Jami'i zai shiga motar, ya buɗe firji da kabad. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da yawancin ɗanyen kayan miya, shuke-shuke, irin shuka, har kwalin da aka taɓa zuba kayan marmari a ciki, duk za a karɓe. Zuma ma haka, saboda wata cuta mai kashe tsutsar ƙudan zuma wadda ba ta shiga Yammacin Ostareliya ba. Idan tayoyi da ƙarƙashin mota sun yi taɓo, a wanke kafin a iso, domin ƙasa ma tana ɗauke da iri da ƙwayoyin cuta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen cefanen mako guda a garin Ceduna na Kudancin Ostareliya. Daga can zuwa iyaka kusan kilomita 480 ne, tafiyar yini ɗaya. Bayan shingen kuma sai an yi sama da kilomita 700 kafin Norseman, inda ake samun kantin kirki, a tsakani gidajen mai ne kawai masu tsada. Dabarar ita ce a sayi abin da za a cinye kafin iyaka, ragowar kuma a dafa shi a daren ƙarshe: tumatir da albasa da tattasai su koma miya a firji. Dafaffe da na gwangwani suna wucewa.

Mai tafiya gabas yana da sauƙi, domin shingensa a Ceduna yake, ba a bakin iyaka ba. A arewacin Yammacin Ostareliya akwai wani shingen kusa da garin Kununurra ga masu fitowa daga Yankin Arewa.

Maganar tara kuwa, ba ɗaya take ba ko'ina. A Yamba, kan hanyar Sturt ta shiga yankin gonakin Riverland na Kudancin Ostareliya, tun 2019 aka daina yin afuwa: wanda ya iso shinge da lemu ko ɗaya ne, tarar ɗaruruwan daloli ce, ko da shi ya miƙa da hannunsa. Akwai manyan kwandunan zubarwa a gefen hanya kafin shingen, da alluna masu sanarwa. A nan ake tsayawa a duba firji, jakar yara da aljihun ƙofar mota, inda tuffar da aka manta ta fi ɓuya.