Shekara 16 Babu Sabon Kundi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dawowar The Cure

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila mai suna The Cure ta fitar da kundin waƙoƙinta na 14, Songs of a Lost World. Rabonta da sabon kundi tun 2008. Jagoranta, Robert Smith, yana da shekara 65 a lokacin, kuma da yawa daga masoyan ƙungiyar sun riga sun fitar da rai cewa za su sake jin sabon abu daga gare ta. Ga abin da mai son sanin labarin zai iya tambaya.

Su wane ne The Cure, ga wanda bai taɓa jin su ba?

Wasu yara ne 'yan makaranta a garin Crawley da ke kudu da Landan suka fara haɗuwa suna kiɗa a 1976. A 1978 suka tsaya a kan sunan The Cure, a 1979 kuma suka fitar da kundinsu na farko, Three Imaginary Boys. Daga wancan lokaci zuwa yau mutane da dama sun shiga ƙungiyar sun fita, mutum ɗaya ne kawai bai taɓa motsawa ba, wato Robert Smith, wanda aka haifa a 1959. Shi ne mai rera waƙa, shi ne mai jita, shi ne mai rubuta baitoci. Ko wanda bai san waƙarsa ba zai iya gane hotonsa: gashi baƙi a yamutse, kwalli ya cika ido, jan-baki a shafe ba tsari, tufafi baƙaƙe.

Ƙungiyar tana da fuska biyu. Akwai ta baƙin ciki, wadda ta bayyana a kundayen farkon shekarun 1980 kuma ta kai ƙololuwa a Disintegration na 1989. Akwai kuma ta raha, mai gajerun waƙoƙin soyayya da gidajen rediyo ke so, irin "Friday I'm in Love" da ke cikin kundin Wish na 1992. Sabon kundin gaba ɗayansa na fuskar farko ne.

Me ya sa ake sa su a rukunin altanatif rok?

Saboda inda suka fito. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980 an sami ƙungiyoyin da suka taso a ƙananan kamfanonin faifai da rediyon jami'o'i, suna kiɗan da bai bi tsarin manyan taurarin rok na lokacin ba. The Cure na cikin na gaba-gaba a wannan ayari a Birtaniya, kamar yadda R.E.M. take a Amurka. Daga baya sun cika filayen wasa da dubban mutane, amma sunan rukunin ya bi su.

To me ya riƙe su har shekara 16?

Ba zama suka yi ba. Kundin 2008, 4:13 Dream, bai yi wani armashi a kasuwa ba, ko cikin 20 na farko a jadawalin kundayen da aka fi saye a Birtaniya bai shiga ba, sai ƙungiyar ta mayar da hankali kan wasa a gaban jama'a. Sun yi ta zagaya duniya suna wasannin da kan kai awa uku. A 2018 sun yi bikin cika shekara 40 a filin Hyde Park na Landan. A 2019 aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen rok a Amurka, kuma a shekarar suna cikin manyan makaɗan bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila.

A wannan shekara ta 2019 ɗin ce suka shiga situdiyon Rockfield da ke Wales suka ɗauki waƙoƙi masu yawa. Smith ya faɗa wa 'yan jarida cewa kundin zai fito a shekarar. Bai fito ba. Aka shiga annobar korona, aka fita, yana ta cewa saura kaɗan. Har abin ya zama abin barkwanci tsakanin masoyansu.

Rashin da ya yi shi ne ya canza aikin. Zuwa 2019 Smith ya riga ya rasa mahaifiyarsa da mahaifinsa da yayansa Richard. Ya yi ta sake baitoci, yana cire waƙa yana sa wata, yana sake ɗaukar murya a gida. A ganina jinkirin nan shi ne ya ceci kundin. Da ya fito a 2019 da tarin waƙoƙin bikin cika shekara ne. Da ya fito a 2024 sai ya zamana waƙoƙi takwas da ke kallon abu guda.

Akwai wani dalili kuma. Daga Oktoba 2022, tun daren farko a birnin Riga na ƙasar Latbiya, suka fara buga sabbin waƙoƙin a zagayen da suka kira Shows of a Lost World. Biyar daga cikin takwas ɗin jama'a sun ji su a dandali tun kafin a sayar da faifan. Saboda haka lokacin da kundin ya fito, mutanen da suka halarci wasannin sun riga sun haddace fiye da rabinsa.

A kan me waƙoƙin suke magana?

Tsufa, mutuwa, da ganin duniyar da mutum ya taso a cikinta tana gushewa a gabansa.

Waƙar buɗewa, "Alone", Smith ya ce ya sami bakin zarenta ne daga wata rubutacciyar waƙa ta Ernest Dowson, marubucin Ingila da ya rasu a 1900, mai suna "Dregs", wadda ke magana a kan ƙarshen shagali bayan an shanye abin da ke cikin kofi. Ya ce da ya sami wannan waƙa ya san cewa kundin ya samu. "And Nothing Is Forever" kuwa a kan wani alkawari ne da ya yi wa wani cewa zai kasance a gefensa lokacin da rai zai fita, kuma bai samu ya cika ba. "I Can Never Say Goodbye" ta yayansa Richard ce, wanda ya girme shi sosai kuma ya buɗe masa ido a kan kiɗa tun yana ƙarami. Duk wanda ya kalli bidiyon wasannin 2022 zai ga yadda rera ta ke yi masa wuya.

Sai "Endsong", mai rufe kundin, wadda ta wuce minti 10. Tushenta wani dare ne da ya tsaya a waje yana kallon sama, ya tuna lokacin da yake yaro ɗan shekara 10, a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Yana tambayar inda yaron nan ya tafi, da inda duniyar da yaron ya zaci zai gada ta tafi. Daga nan sunan kundin ya fito, waƙoƙin duniyar da ta ɓace.

Mai sauraro Bahaushe zai lura da wani abu nan da nan. Marsiyya a wurinmu takan ƙare da addu'a da fatan haɗuwa a gidan gaskiya. Waɗannan waƙoƙi ba su da wannan ƙofar. Smith ya taso a gidan 'yan Katolika amma ya daɗe da bayyana cewa shi ba mai addini ba ne, don haka mutuwa a bakinsa rabuwa ce kawai, babu abin da ke biye. Ba sai mutum ya yarda da shi ba kafin ya ji nauyin da ke kan wanda ke makoki a haka. Shi ya sa kundin ya fi nauyi a zuciya fiye da yadda kiɗan kaɗai zai sa.

Ba duka ne makoki ba. "Warsong" ta fara ne a kan wani mutum da suke ɓatawa su shirya, su sake ɓatawa, sai ta faɗaɗa ta koma kan ɗabi'ar ɗan'adam ta son faɗa. "Drone:Nodrone" kuma ta samo asali ne daga ranar da wani ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara ya yi shawagi a saman gidansa, abin ya ɓata masa rai.

An ce sai an daɗe ana kiɗa kafin a ji murya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A "Alone" sai an wuce minti uku kafin Smith ya buɗe baki. A "Endsong" sai an wuce shida. A zamanin da ake gina waƙa don ta kama kunne cikin daƙiƙa 15 a TikTok, wannan taurin kai ne, kuma da gangan ne. Tsohuwar al'adarsu ce tun Disintegration: a bar ganga da jitar bes da kibod su shimfiɗa yanayi, sai mai sauraro ya nutsa sannan magana ta zo. Idan muryar ta shigo kuma, abin mamaki shi ne kusan ba ta tsufa ba. Mawaƙan rok da yawa sa'o'insa sun rage tsayin muryarsu, shi kuwa yana kai wa inda yake kai wa a da.

Waƙoƙi takwas ne, jimillarsu kusan minti 49. Ga ƙungiyar da ta saba cika faifai har baki, wannan gajarta ma zaɓi ce.

Wa da wa suka yi aikin?

Smith shi kaɗai ya rubuta kiɗa da baitocin dukan waƙoƙin, abin da rabon da ya yi tun kundin The Head on the Door na 1985. Ya tsara ɗaukar sautin tare da Paul Corkett. Simon Gallup, wanda ya fara shiga ƙungiyar tun 1979, shi ne a kan jitar bes, kuma sautinsa mai kauri shi ne ƙashin bayan kundin. Jason Cooper na kan ganguna, Roger O'Donnell na kan kibod. Sai Reeves Gabrels, Ba'amurken da ya daɗe yana yi wa shahararren mawaƙin Ingila David Bowie jita. Ya shiga The Cure tun 2012 amma wannan ne kundin farko da ya yi da su a matsayin cikakken ɗan ƙungiya. Kukan jitar da ake ji a "Warsong" da ƙarshen "Endsong" yawancinsa nasa ne.

Mene ne wancan kan dutse da ke bangon faifan?

Sassaƙa ce mai suna Bagatelle wadda Janez Pirnat, ɗan ƙasar Sulobeniya, ya yi a 1975. Fuska ce da ba a gama fitar da ita daga dutsen ba. Andy Vella, wanda ya daɗe yana tsara wa ƙungiyar bangon faifai, shi ya ɗora ta a kan baƙin fili.

Ya karɓu a kasuwa kuwa, ko tsofaffin masoya ne kawai suka yi murna?

Ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, karo na farko ga ƙungiyar tun Wish na 1992, wato bayan shekara 32. A makon farko an sayar da sama da 50,000 a can, mafi yawa faifan garmaho da sidi da kaset, abin da ke nuna cewa masu sayen mutane ne masu son riƙe abu a hannu. A Amurka ya kai lamba huɗu a jadawalin Billboard. Masu sharhin kiɗa da yawa sun ce shi ne aikinsu mafi kyau tun Disintegration.

Akwai wani abu da ya ƙara musu farin jini kafin kundin ya fito. A 2023, da za su zagaya Amurka, Smith ya ƙi yarda da tsarin da farashin tikiti ke hawa idan masu nema sun yi yawa, ya sa wasu kujerun a dala 20. Da ya ga kuɗin da kamfanin Ticketmaster ke ɗorawa a kai ya kusa kai ko ma ya wuce kuɗin tikitin, sai ya fito fili ya yi ƙorafi, har kamfanin ya mayar wa masu saye dala 10 ko dala 5 a kan kowane tikiti. Ranar da kundin ya fito kuma suka yi wasa na kusan awa uku a zauren Troxy na Landan, aka haska shi kyauta a YouTube. Kuɗin da suka samu daga faifan wannan wasa sun ba ƙungiyar War Child mai taimakon yaran da yaƙi ya shafa.

Ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi. Sautin a cunkushe yake a wasu wurare, kibod da jita da ganga duk suna danne juna, har wasu masu kunnen sauraro suka yi ƙorafin cewa an matse shi da yawa wajen haɗawa. "Drone:Nodrone" ita ce mai ɗan sauri, kuma a wurina ita ce mafi rauni, kamar an sa ta ne don kada mutum ya nutse gaba ɗaya. Wanda kuma ya zo neman waƙar rawa ko ta soyayya mai daɗi ba zai sami ko ɗaya ba.

Amma babban tarkon da tsofaffin ƙungiyoyi ke faɗawa, su ba su faɗa ba. Ba su gayyato wani matashin tauraro don ya jawo musu 'yan zamani ba, ba su kwaikwayi sautin da ke tashe ba, ba su kuma yi kamar har yanzu shekararsu 25 ba. Smith yana ɗan shekara 30 ya riga ya yi waƙoƙin tsoron tsufa a Disintegration. A lokacin hasashe yake yi. Yanzu ya binne iyayensa da yayansa, abin da yake tsoro ya iso, kuma ana jin bambancin a baitocin.

Shi ne na ƙarshe?

A cewar Smith, a'a. Ya ce a zaman Rockfield an ɗauki waƙoƙin da suka fi ƙarfin kundi ɗaya, kuma akwai wani da ya kusa kammaluwa. Masoyansa dai sun koyi kada su riƙe ranar da ya faɗa. A Yuni 2025 an fitar da Mixes of a Lost World, inda makaɗa irin su Four Tet da Paul Oakenfold da Orbital suka sake sarrafa waƙoƙin takwas. Ya kuma ambaci 2029 a matsayin shekarar da yake ganin zai tsaya: a shekarar zai cika 70, kundinsu na farko kuma zai cika 50.