Wai da gaske rashin bacci na kawo hawan jini da ciwon suga?

Meye haɗin bacci da hawan jini, ba tunani da gishiri ne ke kawo shi ba?

Su ma suna ciki, amma bacci na da nasa kason. Mai lafiya in ya kwanta da daddare jininsa na sauka da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya ta rage gudu, jijiyoyi su saki. To wanda ya kai ƙarfe ɗaya ko biyu yana hira a majalisa ko yana latsa waya, ƙarfe biyar kuma an kira assalatu ya miƙe, daga masallaci sai shirin kasuwa, ai wannan hutun kaɗan zuciyarsa ta samu, kuma jiki na ta sako sinadaran da yake saki lokacin tashin hankali, irin su kotisol, waɗanda ke ɗaga jini. Dare ɗaya ba wani abu, matsalar in ya zama ɗabi'a shekara da shekaru. A 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta saka bacci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, awa 7 zuwa 9 ga babba.

To shi suga fa, ina ruwansa da bacci?

Nan ma abun ya fi ban mamaki. A 1999 masu bincike a jami'ar Shikago sun ɗauki samari 11 lafiyayyu, suka bar su suna baccin awa 4 kacal har dare 6, da aka gwada su sai aka ga saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Cikin sati ɗaya fa, kuma matasa. Dalili shi ne jikin da bai huta ba ba ya jin maganar insulin sosai, shi kuwa insulin shi ke shigar da suga cikin tsoka. Ga kuma yunwa, rashin bacci na ƙara sinadarin da ke sa jin yunwa ya rage na ƙoshi, shi ya sa mai raba dare za ka gan shi teburin mai shayi sha biyun dare, indomi biyu da ƙwai, ga shayi mai kauri an zuba madara da suga ba lissafi, ya gama ya je ya kwanta a kai. Da haka teɓa ke fitowa, kuma kitsen ciki ya fi na ko'ina haɗari.

Ƙailula ba za ta rama ba?

Tana taimakawa, minti 20 zuwa 30 da rana na wartsake mutum, amma ba ta biyan bashin dare gaba ɗaya. Masu aikin dare irin su masu gadi, ma'aikatan jinya da direbobin dogon zango su kam dole ce ta sa, sai dai su samu ɗaki mai duhu su yi baccin rana a jere, su kuma riƙa zuwa awo akai-akai don haɗarinsu ya fi na saura.

Maigidana na minshari sosai, wannan ma matsala ce?

Ba kowane minshari ba ne ciwo. Amma in kin lura yana minsharin sai ya ɗauke numfashi na wasu daƙiƙu sannan ya farka a firgice kamar an shaƙe shi, da safe kai na ciwo, da rana ko zama ya yi sai gyangyaɗi, to Hajiya ki lallaɓa shi ya ga likita. Maƙogwaro ne ke toshewa cikin bacci, iska ta ragu, jini ya hau, kuma hakan na maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya. An fi ganinsa ga masu ƙiba da kaurin wuya, yana kuma daga cikin dalilan da ke sa hawan jinin wasu ya ƙi jin magani.

A abinci me ya kamata a rage?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a lissafin har da wanda ke cikin magi da burodi da kilishi da yajin tsire, mu kuwa sai a jefa dunƙule huɗu a miya sannan a bi da gishiri. Lemon kwalba ɗaya na iya ɗaukar suga kusan cokalin shayi 9. Goro da kofi da lemukan ƙara kuzari a bar su daga la'asar, don abun da ke hana bacci a cikinsu na ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki. Taba da shisha kuma babu wani a rage, a daina kawai.

A gidanmu gado ne, to wahalar me zan yi?

Gado na ƙara haɗari, wannan gaskiya ne, amma bai yanke hukunci ba. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 kan mutanen da sugansu ya fara hawa ya nuna waɗanda aka sa rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a sati sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari, wanda ya ma fi abun da ƙwayar magani ta yi a binciken. Minti 150 ɗin nan tafiyar rabin awa ce da ɗan sauri kwana biyar a sati, ko ka sauka daga adaidaita kafin unguwarku ka ƙarasa a ƙafa.

Lafiyata ƙalau nake ji, sai na yi awo?

Sosai ma, kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, wani sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. A yi awo a asibiti ko kemis, in ana ta samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban hawan jini ne, suga kuma 126 ko sama da safe kafin a karya. Yawan tashi fitsari cikin dare da ƙishirwa da rama ba dalili su ma a je a duba. Wanda kuma likita ya riga ya ɗora a kan magani kar ya ajiye don ya gyara baccinsa, ya koma wajen likitan da sakamakon awonsa tukuna.