Waiwaye: Tun ranar da muka saba da kantoma

Kwanakin nan duk majalisar da ka zauna a Jos, daga teburin mai shayi a Gangare zuwa rumfunan Taminus, zancen ɗaya ne: sauya sheƙa ta yi yawa, adawa ta shiga uku, ana tsoron ƙasar ta koma hannun jam'iyya guda. Masu maganar suna yi kamar jiya aka fara. Ni kuwa a ganina ruwan ya daɗe da cin ginin.

Tarihin da kowa ya haddace ba sai an ja shi ba. Soja sun kifar da farar hula a 1966, suka maimaita a 1983, aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, mulkin farar hula ya dawo a 1999. Waɗannan duk da ƙara suka zo, kowa ya ji.

Wanda ya zo a sulale shi ne na 2002. An zaɓi ciyamomi da kansilolin ƙananan hukumomi 774 a Disambar 1998, kan wa'adin shekara uku. Dokar zaɓe ta 2001 ta mayar da shi huɗu, Kotun Ƙoli ta ce a watan Maris 2002 hakan bai halatta ba. Wa'adi ya cika a Mayu, rajistar masu zaɓe ba ta kammala ba, sai aka ce a naɗa kwamitocin riƙo kafin a shirya. Na ɗan lokaci ne, aka ce. Ɗan lokacin ya kai Maris 2004 a yawancin jihohi. A Jos ta Arewa kuwa, inda raunin rikicin Satumbar 2001 bai warke ba, sai Nuwamban 2008 aka sake fita rumfar zaɓe, kuma kowa ya san yadda aka ƙare da wani sabon rikicin.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulki yana nan ƙarara, ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma. Ba a goge shi ba, tsallake shi aka yi, mu kuma muka yi shiru. Ban tuna wata majalisa a unguwarmu da ta ɗaga murya ba. Abin da na tuna shi ne bencin da ke ƙofar gidan kansilanmu. Bayan asuba dattawa sukan zauna a kai da ƙorafin kwalbati ko famfo, har wata tsohuwa takan tsaya a soro ta ce, "Ɗan nan, da ƙuri'ata ka hau." Da kantoma ya zo babu wanda za a faɗa wa haka, don ba mu muka ɗora shi ba. Bencin ma aka shigar da shi cikin gida.

Daga nan zaɓe ya zama abin da ake yi in an ga dama. Yaran da suka tashi a lokacin, yanzu magidanta ne, wasunsu ba su taɓa sanin sunan kansilansu ba.

A 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi su tafi gare su kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ba shi da gurbi. Da na kawo zancen a wurin mai shayi, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To Malam, wa zai tashi ya je ya yi layin?"