Masu tuƙa ƙananan jiragen jet na kansu

A harkar sufurin sama akwai wani rukuni na mutane da suka koyi tuƙin jirgi don sha'awa ko don sauƙaƙa tafiye-tafiyensu, sannan a hankali suka kai ga sayen ƙaramin jirgin jet suna tuƙa shi da hannunsu. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, da likitoci, da injiniyoyi, kuma mafi yawansu a Amurka suke, inda filayen sauka suka kai dubbai kuma doka ta yarda mutum ɗaya ya tuƙa wasu jiragen jet ba tare da mataimaki ba. Sun bambanta da attajirin da ke zaune a baya matuƙa biyu na haya suna jan jirginsa. Shi wannan mai jirgin shi ne a kujerar hagu ta gaba, shi ke duba yanayi, shi ke lissafin mai, shi ke magana da masu kula da zirga-zirgar jirage, sau da yawa kuma iyalinsa ne a kujerun baya.

Irin jiragen

Ƙaramin jet yakan ɗauki mutum huɗu zuwa tara. Mafiya ƙanƙanta a cikinsu su ne waɗanda nauyinsu lokacin tashi bai wuce kilo 4,500 ba, ko kusa da haka. Cessna Citation Mustang misali ne mai kyau: inji biyu, kujeru shida har da ta matuƙi, gudun kusan kilomita 630 a awa, kuma yana hawa har ƙafa 41,000. Sauran da aka fi gani a hannun masu tuƙa nasu sun haɗa da Embraer Phenom 100 da Phenom 300 na Brazil, da HondaJet, da Citation M2 da 'yan'uwansa na jerin CJ, da Cirrus Vision SF50 mai inji ɗaya tal.

Tarihi

Learjet 23, wanda ya fara tashi a 1963, shi ya nuna cewa jirgin jet zai iya zama ɗan ƙarami, sai dai matuƙa biyu yake buƙata, kuma ba ya yafe kuskure. Kamfanin Cessna na Wichita a jihar Kansas ya bi wata hanya dabam, ya ƙera Citation mai miƙaƙƙun fuka-fuki, wanda bai kai Learjet gudu ba amma ya fi shi sauƙin sauka. A 1977 aka amince da Citation I/SP don matuƙi ɗaya. A farkon shekarun 1990 kuma ƙaramin injin FJ44 na kamfanin Williams ya ba da damar ƙera CitationJet, wanda ya zama kakan jerin CJ.

Babbar hayaniya ta zo ne da Vern Raburn, tsohon ma'aikacin Microsoft, wanda ya kafa Eclipse Aviation a 1998. Ya yi alkawarin jet mai inji biyu a kan ƙasa da dala miliyan ɗaya, aka yi ta hasashen cewa dubban irin waɗannan jirage za su cika sama kamar tasi. Injin farko da aka zaɓa bai yi ba, aka sauya, farashi ya tashi, kuma ko da jirgin Eclipse 500 ya sami amincewa a 2006, kamfanin ya durƙushe a Nuwamban 2008 bayan ya ƙera kusan 260. DayJet, kamfanin tasin sama na Florida da ya dogara da jirgin, ya riga ya rufe a watan Satumban shekarar. Cessna, wadda ba ta yi irin wannan cika baki ba, ta ƙera Mustang 479 kafin ta daina a 2017. Phenom 100 ya sami amincewa a ƙarshen 2008, HondaJet mai injuna a saman fuka-fuki a Disamban 2015, Vision SF50 kuma a Oktoban 2016. Tasin sama bai tabbata ba, amma jiragen da aka ƙera dominsa sun faɗa hannun masu tuƙa nasu.

Matakan lasisi

A dokar hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, lasisin matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar aƙalla awa 40 na tashi, ko da yake yawancin ɗalibai suna wuce haka kafin su ci jarrabawa. Bayansa sai shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, wato iya jan jirgi cikin gajimare ba tare da ganin ƙasa ba. Wannan dole ce ga mai son jet, domin daga ƙafa 18,000 zuwa sama a Amurka ba a tashi sai da ita. Sai shaidar jirgi mai inji fiye da ɗaya, da horon tashi a sama mai nisa ga jirgin da aka matse iskar cikinsa kuma yake iya wuce ƙafa 25,000.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi shi ne izinin nau'in jirgi. Kowane jirgin jet, komai ƙanƙantarsa, sai an rubuta nau'insa a lasisin matuƙi kafin ya ja shi. Mai Mustang zai ga CE-510S a lasisinsa, harafin S ɗin na nufin an yarda ya tuƙa shi kaɗai. Horon yakan ɗauki mako biyu zuwa uku a cibiyoyi irin na FlightSafety ko CAE, ko cibiyar Cirrus da ke Knoxville a jihar Tennessee. Ana fara da aji, inda ake bin wayoyin lantarki da bututun mai da na iska ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga na'urar kwaikwayon jirgi, wani akwati a kan ƙafafu masu motsi. A ciki malami yakan kashe inji ɗaya daidai lokacin da jirgi ke barin ƙasa, ko ya cika ɗakin tuƙi da ƙararrawar gobara cikin hazo. Ma'aunin jarrabawar daidai yake da na matuƙan jiragen fasinja, ko da mai yin ta lasisin zaman kansa kawai yake da shi. Wanda ya yi jarrabawar gaba ɗaya a na'ura kuma ba shi da gogewar jet a baya, sai ya yi awa 25 a jirgin gaske tare da ƙwararre kafin a sake shi. Kowace shekara kuma sai ya koma an sake gwada shi.

Mutane da yawa ba sa tsallakawa kai tsaye daga jirgi mai injin fistan. Sukan tsaya tukuna a jirgi mai farfela da injin tabin (dangin injin jet), irin TBM ko Pilatus PC-12 ko King Air, su saba da tsayi da gudu.

Abin da ke sauyawa a kujerar tuƙi

Wani abin mamaki shi ne, sarrafa injin jet ya fi na fistan sauƙi. Babu daidaita cakuɗar mai da iska, babu daidaita farfela, a sababbin jiragen ma kwamfuta ce ke kula da injin, matuƙi hannun maƙura kawai yake turawa. Wahalar a lokaci take. Wanda ya saba da Cessna 172 mai tafiyar kusan kilomita 220 a awa yana da sararin tunani, ya duba taswira, ya yi kuskure ya gyara. A Mustang kowane minti ɗaya kilomita goma ne da ɗoriya. Ƙa'idar da ake koyarwa ta gangarowa ita ce mil uku na ruwa (wajen kilomita biyar da rabi) ga kowace ƙafa 1,000, don haka mai tafiya a ƙafa 41,000 sai ya fara saukowa tun yana da nisan wajen kilomita 230 daga filin, kusan tazarar Kaduna da Kano. Idan ya shagala da minti biyar, zai iso kan filin yana sama da yawa kuma da gudu da yawa, jet kuwa jiki ne mai santsi, ba shi da farfelar da za ta riƙe iska ta rage masa gudu. Malamai suna yawan maimaita magana ɗaya, cewa tunanin matuƙi ya riga jirginsa isa ko'ina da mintuna.

Akwai kuma jinkirin inji. Injin fistan yana amsawa nan take. Injin jet da aka mayar ƙasa gaba ɗaya yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya dawo da ƙarfi, kuma kusa da ƙasa 'yan daƙiƙoƙin nan su ne komai. Shi ya sa ake lissafa gudun sauka kafin kowace sauka bisa nauyin jirgi a lokacin, a rubuta shi, a riƙe shi daram. Ƙarin gudu kaɗan a bakin titin sauka yana cinye mita da yawa, musamman idan titin a jiƙe yake, kuma zarcewa ƙarshen titi na daga cikin haɗurran da suka fi addabar wannan rukuni. Ƙungiyar masu tuƙa Citation nasu, CJP, ta mayar da hankali sosai a kan wannan matsala, tana koya wa mambobinta su fasa sauka su sake zagayowa idan abubuwa ba su daidaita ba.

Sama mai nisa na da nata sharrin. A ƙafa 40,000, idan iskar cikin jirgi ta zube, mutum yana da daƙiƙa 15 zuwa 20 kawai na cikakken hankali. Saboda haka doka ta ce matuƙin da yake shi kaɗai ya sa takunkumin oksijin da zarar ya wuce ƙafa 35,000. Tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 kuma tazarar ƙafa 1,000 ce kacal ke raba jirgi da jirgi, don haka ɗan jet mai kujeru shida yana cikin layi ɗaya da manyan jiragen fasinja, kuma ana sa ran ya amsa umarni da irin saurinsu. A can matuƙa biyu ne, ɗaya na tuƙi ɗaya na rediyo da karanta jerin abubuwan dubawa. A nan mutum ɗaya ne ke yin aikin biyun, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ce mataimakinsa, kuma sai ya san abin da take yi a kowane lokaci.

Inshora da ɗan rakiya

A aikace, kamfanin inshora ya fi hukuma tsanani. Mutum na iya cika duk sharuɗɗan doka, kamfanin ya duba awanninsa da shekarunsa ya ce ba zai ba shi inshora ba sai ya yi tafiye-tafiye masu yawa da gogaggen matuƙi a kujerar dama. Banki kuma ba ya ba da rance a kan jirgin da ba shi da inshora. Ɗan rakiyar nan yakan zama tsohon matuƙin jirgin fasinja ko na kamfani, kuma aikinsa ya koyar da abin da na'urar kwaikwayo ba ta koyarwa: yadda ake kauce wa hadari mai tsawa, yadda ake shiga filin jirgi mai cunkoso, da kuma yadda mai jirgi zai ce wa kansa yau ba za a tafi ba. Wannan na ƙarshen ya fi wuya ga mutumin da ya saba a kamfaninsa maganarsa ce yankan wuƙa, ga taro na jiransa gobe da safe.

Kuɗin riƙo

Farashin saye somin taɓi ne. Mustang yana shan wajen lita 300 zuwa 400 na kananzir ɗin jirgi a awa. Ga hayar rumfar ajiya, da inshora, da horon shekara-shekara, da sabunta bayanan taswira, da duba jirgi bisa kalanda ko ya tashi ko bai tashi ba. Yawancin masu jirgi suna biyan masu ƙera injin wani kuɗi a kan kowace awa ta tashi, domin idan lokacin babban gyara ya zo kada ya faɗo musu a ka lokaci guda. Jirgin da ba ya cikin irin wannan tsari yakan yi arha a kasuwar na hannu, kuma arhar tana da dalili.

Haɗurra

Ranar 2 ga Agusta, 1979, Thurman Munson, kyaftin ɗin ƙungiyar wasan besbol ta New York Yankees, ya rasu yana gwajin tashi da sauka a filin Akron-Canton na jihar Ohio. Bai kai shekara biyu da fara koyon tuƙi ba, kuma makonni kaɗan da sayen Citation I/SP ɗinsa, wanda ya saya don ya riƙa zuwa wurin iyalinsa tsakanin wasanni. Binciken hukumar NTSB mai bincikar haɗurran sufuri a Amurka ya nuna bai sauke marafan bayan fuka-fuki da ke taimaka wa jirgi wajen sauka ba, gudu ya ragu, ya makara wajen ƙara wuta, jirgin ya faɗi kafin titin ya kama da wuta. Mutum biyun da ke tare da shi sun tsira.

A Disamban 2014 wani Phenom 100 ya faɗa kan gidaje a Gaithersburg ta jihar Maryland, mutum uku na cikin jirgi da uku na cikin gida suka rasu. Matuƙin ya ratsa gajimare mai ƙanƙara bai kunna na'urar kawar da ita daga fuka-fuki ba, kuma ya yi amfani da gudun sauka da bai dace da yanayin ba.

Haɗarin Cleveland ta jihar Ohio, ranar 29 ga Disamba, 2016, ya nuna wani abu dabam. Matuƙin ya daɗe yana tuƙa Mustang, sannan ya koma Citation CJ4 mai ƙarfi sosai da na'urori na wani kamfani dabam da na Mustang, makonni uku kacal da samun izininsa. Ya tashi da dare a kan tafkin Erie, inda babu fitila ko ɗaya da za ta nuna masa ƙasa, jirgin ya karkata ya shiga ruwa da mutum shida. Masu bincike sun ambaci gajiya, da ruɗewa game da ko na'urar tuƙi ta kama ko ba ta kama ba, da kuma sabon da ya yi da allon tsohon jirginsa.

Na'urorin ceto

Cirrus ta gina Vision SF50 ne musamman don masu tasowa daga jirginta mai fistan, SR22. Ta sa masa lema da ke sauko da jirgin gaba ɗaya, abin da ya taimaka ya ci kyautar Collier ta harkar jiragen sama a Amurka ta shekarar 2017. A Satumban 2022 aka ja lemar a karon farko a wani haɗari na gaske a jihar Florida, mutum ukun da ke ciki suka fita da rai. Tun daga 2020 kuma jirgin yana da tsarin Garmin Autoland, wanda Cirrus ke kira Safe Return. Maɓalli ne a rufin jirgin inda fasinja zai iya kai hannu. Idan matuƙi ya suma aka danna shi, jirgin zai zaɓi filin da ya dace bisa mai da yanayi, ya sanar da masu kula da zirga-zirga ta rediyo, ya sauke tayoyi, ya sauka, ya taka birki, sannan ya kashe injin.